Kubra Ba Ta da Lamba

Ranar Lahadi Ustaza Sittana, malamar kimiyya, ta fara kiran sunayen. Ina gindin dogonyaro ina yanka burodi, don ni ce mai sayar da fatur a makarantar, wato abincin hantsi, kuma inda nake girke tirena daf yake da tagar ajin kimiyya. Tagar ba ta da gilashi tun kafin in zo, saboda haka duk abin da aka koyar a ajin nan ni ma na ji shi, kyauta.

"Mutum goma sha huɗu ba su kawo lambar ƙasa ba," in ji ta. "Saura mako uku a rufe rajistar jarrabawa. Wadda ba ta da lamba ba ta da wurin zama a zauren, ko da ita ta rubuta littafin kemistiri."

Ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ta tara ita ce Kubra Mainasara Muhammad Gwadabe.

Sakandaren 'yan mata ce ta gwamnati, a unguwarmu ta Alsawra, nan Omdurman. An gina ta don yara ɗari huɗu, yau sun haura dubu da ɗari. Bencin mutum biyu huɗu ke matsuwa a kai, ta biyar ta zauna a kan gwangwanin madara. Randunan ruwa shida ne, kafin azahar sun ƙafe. A ɗakin gwaji akwai madubin ganin ƙwayoyin cuta guda uku, biyu sun makance, ɗayan kuma sai an bi layi. 'Yan ajin ƙarshe masu karanta adabi ajinsu huɗu, na kimiyya ɗaya tak, su saba'in da takwas. Akwai 'yan Darfur, akwai 'yan duwatsun Nuba, akwai 'yan arewacin ƙasar nan, akwai kuma namu Hausawan Jazira, waɗanda wasunsu ba ka gane namu ne sai sun yi tuntuɓe sun ce wayyo. A cikin saba'in da takwas ɗin nan Kubra ce ta ɗaya, shekara biyu a jere.

Lambar ba ta da wuya ga mai uba. Wanda ubansa ya rasu bai bar takarda ba kuwa, sai ya kawo namiji daga dangin uba, ya tsaya gaban jami'i ya faɗi sunansa da na kakanninsa da ƙabilarsa, ya shaida cewa wannan jininsa ce. Mainasara, uban Kubra, ya rasu a kambo, sansanin 'yan auduga, bai bar takarda ko ɗaya ba, matarsa ta bi shi. Namiji ɗaya ya rage, ƙanensa Jibrin, kuma a gidansa Kubra take, katanga ɗaya da ni.

Ni da Jibrin kambo ɗaya muka tashi. Na san shi yana Jibo, yana jan buhun auduga a bayan tsohonsa. A Alsawra kuwa Ustaz Jibril Muhammad ne, mai shagon kayan gini, mai farar jallabiya da rawani, shugaban majalisar iyaye ta makarantar nan. Sunan kakansa Gwadabe yana nan a katin shaidarsa, amma katin a aljihu yake kwana. Ya gaya wa 'yan unguwa shi mutumin Farin Nilu ne, ya bar su suka ƙarasa sauran da kansu. A gidansa an hana Hausa. Matarsa Awadiyya, wadda uwarta ta tsufa tana dama fura, in na gaishe ta da yarenmu sai ta waiga ta ga da wa nake. Ga baƙi kuma, Kubra marainiya ce da suka ɗauka saboda Allah. An hana ta ce masa Baffa, sai Ammi, yadda kowace yarinya ke kiran kowane dattijo a titi, Awadiyya kuma Halti maimakon Gwaggo.

A ranar da aka fara kiran sunayen, da la'asar, na ji Kubra ta katanga, Jibrin ya zauna shan shayi.

"Ammi, an ce in kawo lambar ƙasa. Ana son shaida daga dangin uba."

"Gobe, in Allah ya so."

Gobe motar siminti ta iso. Jibi na'urar ofishin ta tsaya, in ji shi, ko da yake yara uku sun karɓo tasu a ranar. Gata kansa ne ke ciwo. Ranar Alhamis ya ce ai mako ya ƙare, ta bari sai Lahadi. Ofishin rajistar nan bayan kasuwarmu yake, tafiyar minti goma a raksha, keke mai ƙafa uku. Matsalar ita ce rabin mutanen da ke bin layi a can abokan cinikinsa ne, jami'in kuma ba ya tambayar ƙabila da raɗa.

Sunayen takardar Ustaza Sittana suka ragu daga sha huɗu zuwa tara, daga tara zuwa biyar. Kullum da safe sai an kira, kullum sai Kubra ta miƙe. Ta koma ba ta jira a kai kanta, da an ɗauko takardar take tashi.

A mako na biyu Ustaza ta buɗe darasin gwaji bayan an tashi, don yara su taɓa kwalabe da hannunsu kafin jarrabawa. Rana ɗaya Kubra ta tsaya. Da ta koma gida Awadiyya na jiran ta a bakin murhu da ƙullin kisra, wainar dawar da muke ci kullum.

"Wa zai yi mana kisra? Kwalaben?"

"Halti, awa ɗaya ne kawai."

"Awa ɗaya don jarrabawar da ba ki da tabbacin zama? Ni ba muguwa ba ce, ya bitti, 'yata, wahala nake rage miki."

Daga ranar aka ƙara mata wankin yara uku da sharar shago kafin ta tafi makaranta. Ta fara makara, mai makara kuma a makarantar nan shara take yi. Sai ta share gida, ta share shago, ta zo ta share filin makaranta, sannan ta shiga aji ta miƙe a kira sunanta. Yatsunta duk sun ƙone a kaskon kisra. Ina ba ta burodi ta karɓa ta sa a jaka, ban san ko tana ci ba.

Raina ya ɓaci. Ranar Talata na rufe tirena na ce ta zo mu je, ni zan shaida. Muka bi layi awa uku a rana. Jami'in ya dube ni da ladabi.

"Hajiya, me kike gare ta?"

"A hannuna aka haife ta. Na san ubanta, na san kakanta."

"Na yarda. Amma namiji ake so, daga dangin uba. Ba ta da kowa?"

Kubra ta tattara takardunta. Muka fito. Ta rasa darasin yini guda, ni na rasa ciniki, muka dawo da ƙura a ƙafa.

Kafin magariba labari ya kai wa Jibrin. Na ji ƙarar marin har tsakar gidana.

"Kin ambaci sunana a can?"

"Ban ambata ba."

"Ke kin san abin da na sha kafin in kai inda nake? Shekara nawa ana ce mini Fallati, baƙon da ba ɗan ƙasa ba, ana wanke kofin da na sha ruwa da shi? 'Ya'ya mata uku gare ni, aure za su yi a garin nan. Na ciyar da ke, na tufatar da ke, yanzu kina so ki tuɓe ni a kasuwa saboda takarda ɗaya?"

Ba ƙarya ya yi ba game da kofin, ni ma an wanke nawa. Amma wanda ya wanke kofin ba Kubra ba ce, kuma ita aka sa ta biya.

Da safe na tare shi a ƙofar gidansa, yana gyara rawani.

"Jibo, ina kwana."

Ya amsa da Larabci. Na sake gaishe shi da Hausa, da ƙarfi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya matso.

"Rahmatu, don Allah ki rufa mini asiri. Shekara ɗaya ce za ta rasa. Baɗi zan san dabara."

"Baɗi kakanka zai canja suna?"

"Ke ba za ki gane ba. Ke burodi kike sayarwa, ba abin da za ki rasa."

"Mainasara ya goya ka ya tsallake ruwa da kai lokacin da kambo ya cika. Shi ma ba abin da zai rasa?"

Ya ce ya makara, ya tare raksha ya tafi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, don tsohonsu Muhammadu ko a gaban Bature sai ya faɗi garin ubansa.

Mako na uku sunaye suka koma biyu. Ranar Talata ɗayar ta kawo tata, aji ya yi mata tafi. Ustaza Sittana ta duba takardar, ta naɗe ta, ba ta kira ba. Ba ta buƙatar kira, kowa ya juya ya dubi Kubra.

Da aka fito fatur yarinyar ta zo gindin bishiyata ta tsuguna. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ya fi mini sauƙi.

"Inna, kin san abin da Ustaza ta gaya mini? Ta ce in yi haƙuri, Ustaz Jibril ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce mata har Jazira ya aika a nemo dangin ubana, ba a samu kowa ba."

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya saka masa."

Ta ɗan yi dariya, irin wadda ba na so. Ta ce Awadiyya ta riga ta yanke cewa daga Lahadi ba sauran zuwa makaranta, tunda rajista za ta rufe ranar Alhamis da azahar, zama a aji ɓata sabulun wanki ne. Amma ranar Alhamis ɗin dole ta je. Majalisar iyaye za ta miƙa sababbin benci arba'in, kuma ɗalibar da ta zo ta ɗaya ce za ta karanta jawabin godiya. Jibrin da kansa ya ce a goge mata kayan makarantarta, ya saya mata sabon mayafi fari.

"Ki ce ba ki da lafiya," na ce mata.

"A'a, Inna. Lafiyata ƙalau."

Ranar Alhamis aka jera yara dubu da ɗari a fili tun bakwai da rabi. Benci arba'in na gefe, fentinsu bai gama bushewa ba. Iyaye maza kusan ashirin suka zauna a inuwa. Jibrin ya karɓi lasifika ya yi Larabcin da ko limamin Juma'a sai ya yi sha'awa. Ya yi maganar randuna, ya yi maganar ɗakin gwaji, ya yi maganar ilmin 'ya mace. Da tafi ya yi masa daɗi sai ya ɗaga yatsa.

"Ina rantsuwa a gabanku, muddin ina raye, babu yarinyar da za ta rasa karatunta a makarantar nan saboda abin da hannuna zai iya yi."

Aka yi tafi har tsuntsaye suka tashi. Sannan aka kira Kubra.

Ta karanta godiyar tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake kalma ba. Ta naɗe takardar. Shugabar makaranta ta miƙo hannu za ta karɓi lasifikar, Kubra ba ta saki ba.

"Sunana Kubra, 'yar Mainasara, ɗan Muhammad, ɗan Gwadabe," ta ce da Larabci. "Gwadabe Bahaushe ne, ya fito da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Jazira ya yi noman auduga har ya mutu. Ni kaɗai ce a ajin kimiyya ba ni da lamba, yau da azahar ake rufewa. An ce ba a samu dangin ubana ba. An samu. Ustaz Jibril ƙanen ubana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta juya ta fuskance shi, ta sauya harshe.

"Baffa, ka ji rantsuwar da ka yi yanzu. Hannunka zai iya. Minti goma ne a raksha."

A layin 'yan aji biyu wata yarinya ta fara fassara wa na kusa da ita, yarinyar da na yi shekara biyu ina sayar mata da burodi ban san tana jin Hausa ba. Wata ma ta kama. Maganar ta bi layuka tana tafiya har ta kai inuwar da iyaye suke.

Jibrin ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ina ganin leɓensa yana neman ya ce bai san yaren ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani dattijo Balarabe da ke kusa da shi, wanda ke sayen fenti a shagonsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Ya Ustaz, in gaskiya ta faɗa, rantsuwa na kanka. In ƙarya ta yi, fito da katinka mu gani, mu hore ta."

Bai fito da katin ba. Ustaza Sittana ta riga ta aika an tsayar da raksha a ƙofa, ya shiga, Kubra ta bi bayansa. Ta ce mini, "Hajiya Rahmatu, bi su." Na bar tirena a buɗe.

A layin ofishin mutum huɗu suka gaishe shi da Ustaz, ya amsa da ka. Da muka kai gaban tebur jami'in ya gane mu.

"Kun samo shi ke nan. Sunanka?"

"Jibril Muhammad."

"Cikakke."

"Jibril Muhammad Gwadabe."

"Me kake gare ta?"

"Ƙanen ubanta."

"Ƙabila?"

Ya faɗa, amma ko ni da ke gefensa ban ji ba.

"Ɗaga murya, ya Hajj, fanka na ƙara."

"Hausa."

Jami'in ya rubuta bai ko ɗaga kai ba, ya miƙa masa biro, ya ce mai bi. Abin da mutum ya yi shekara ashirin yana gudu, bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Na dubi mutanen layi, kowa takardunsa yake fifita da su.

Sha ɗaya da rabi takardar ta fito. A waje Jibrin ya tsaya a rana, rawaninsa ya karkace.

"Kin samu abin da kike so," ya ce mata. "Kada ki sake taka ƙofata."

"To, Baffa."

Ya tare raksha shi kaɗai. Mu muka bi ta kasuwa da sauri, ni da gwiwoyina marasa kirki.

A ofishin makaranta Ustaza Sittana ta ɗauko takardar rajista tana cikewa. Ta rubuta sunan guda huɗu, ta rubuta lambar, ta sake dubawa sau biyu.

"Sashe?"

"Kimiyya."

"Adireshin gida?"

Tun safe sai a nan na ga idon Kubra ya kawo ruwa. Na faɗi lambar gidana, Ustaza ta rubuta ba ta tambayi komai ba.

Da la'asar kayanta suka zo ta saman katanga. Tufafi a buhu, littattafai kuma ɗaya-ɗaya, wani ya faɗa a kwata. Ta ɗauko shi ta shanya a rana, shafi-shafi.

Kada ku zaci unguwa ta yaba mata. Kafin mako ya zagayo ba a maganar wanda ya ɓoye 'yar wansa shekara biyar, ba a maganar marin, ba a maganar ƙaryar da ya shirga wa malama. Maganar rashin kunyar yarinya ake yi. Wai ta tozarta babba a gaban jama'a. Wai abin gida a gida ake kashe shi. To, mako uku tana roƙo a cikin gida, a tsugune, da murya ƙasa-ƙasa, ina ji ta katanga, kuma ban ga wanda ya shigo ya kashe komai ba. Mu haka muke: a danne yaro shiru, sunansa tarbiyya, in ya yi ƙara sai a ce ya ɓata gida. Shagon Jibrin bai rufe ba, masu sayen siminti ba su daina zuwa ba, ba wanda ya tsige shi daga majalisa. Wadda ta rasa wurin kwana ita ce aka ce ta yi laifi.

Ranar Juma'a mata uku suka yi sallama a gidana, cikinsu har da 'yar'uwar Awadiyya. Suka sami Kubra a tabarma da littafi. Babbarsu ta yi doguwar nasiha a kan haƙƙin riƙo da albarkar manya, ta ce ta tashi yanzu su raka ta, ta durƙusa ta ba baffanta haƙuri, wataƙila ya mayar da ita.

Kubra ta saurare su har suka gama. Ta sa yatsa a shafin da take don kada ya ɓace mata.

"Gwaggo, na ji, na gode. Ranar Sallah zan je in gaishe shi, ko ya buɗe ko bai buɗe ba, baffana ne. Amma haƙuri, shi zai zo ya ba ni. Ya san gidan, katanga ɗaya ce."